YAƘI DA ƘWARI MASU TASHI A CIKIN JIRGIN RUWAN INGILA

Ina yi muku barka da ƙoƙari, gama ba ƙaramin abu ba ne magidanci ya zauna ya koyi baƙaƙe bayan gemu ya fito. Tun da ya ke yanzu ido ya buɗe, ya kamata ku riƙa jin labarin waɗansu ƙasashe, ku ga yadda mutanensu su ke fama da irin abin da mu ke fama da shi. Yau zan yi muku magana a kan sauro da ƙuda da 'yan'uwansu, da yadda masu zama cikin jirgin ruwa a Ingila su ke tsare kansu daga gare su lokacin zafi. Na taɓa kwana 7 cikin irin wannan jirgi, sa'ad da aikin tafinta ya kai ni ƙasar, na kuwa yi wauta biyu a ciki. Ta farko ta jawo mini kumburi, ta biyu saura kaɗan ta jawo abin da ya fi haka.

Kogin da mutum ya haƙa

Da farko sai ku san irin ruwan da jirgin ya ke bi. Mutanen Ingila sun haƙa waɗansu dogayen hanyoyin ruwa da hannunsu, kamar yadda mai lambu ya ke jan ruwa zuwa fangali, sai dai nasu manya ne har jirgi ya bi. Wadda ta fi suna cikin na farko ita ce wadda aka buɗe a 1761, don kai kwal zuwa birnin Manchesta. Wani gwani mai suna James Brindley yana cikin waɗanda suka tsara ta. Da aka buɗe ta sai kuɗin kwal a birnin ya faɗi wajen rabi, gama doki ɗaya tak, yana tafiya a bakin gaɓa, ya kan ja jirgi mai kayan tan 30. Ganin haka aka yi ta haƙa waɗansu, har suka ratsa ƙasar gabas da yamma, kudu da arewa.

Daga baya jirgin ƙasa da mota suka ƙwace dakon kaya. Yanzu yawancin jiragen nan na shan iska ne, waɗansu mutane kuma sun mai da su gidajen zama, rani da damina. A 2012 aka danƙa wajen mil 2,000 daga cikinsu a hannun wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust.

Jirgin kansa siriri ne ƙwarai. Faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, tsawonsa kuwa ya kan kai ƙafa 70. A cikin wannan ɗan lungu a ke da gado, da murhu, da wurin wanka, da makewayi. An gina shi da ƙarfe, sabo da haka in rana ta buge shi a watan Yuli sai cikinsa ya ɗauki zafi kamar tanda. Doka kuma ba ta yarda ya wuce mil 4 a awa ba, watau misalin saurin mai tafiya da ƙafa. To, kun ga inda wahalar ta ke. Zafi yana tilasta wa mutum buɗe taga da ƙofa, ruwa na kwance hagu da dama, jirgi kuwa ba shi da gudun da zai tsere wa ko da ƙuda.

Ku san abokan gaba

Lokacin zafinsu daga Yuni ne zuwa Agusta, ya ɗan taɓa Satumba. A tsakiyarsa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Ƙwarin da su ke damun mai jirgi iri biyar ne, ko wanne da lokacinsa da halinsa, wanda kuwa bai san halin abokin gabansa ba, a banza zai yi ta kai duka.

Na fari sauro. A ƙasar Birtaniya akwai fiye da iri 30. Mace ce kaɗai ta ke cizo, don tana bukatar jini ta yi ƙwai. Tana gane inda mutum ya ke ta wurin numfashin da ya ke fitarwa, da ɗumin jikinsa, da warin guminsa. Aikinta daga magariba ne zuwa asuba. A ruwa mai kwanciya ta ke zuba ƙwai, in da ɗumi kuwa, cikin mako 1 zuwa 2 ƙwan ya zama tsutsa, tsutsa ta zama sauro mai fiffike.

Na biyu bobuwa, wadda makiyayanmu suka sani sarai. Ita da tsakar rana ta ke yawo, musamman kusa da shanu da dawaki. Ba ta da allura irin ta sauro. Bakinta kamar 'yar wuƙa ya ke, ta tsaga fata ta lashi jini, shi ya sa cizonta ya ke da zafi, ya ke kuma jinkirin warkewa. Abu mai duhu da ke motsi shi ya ke jawo ta.

Na uku wani ɗan mitsitsin ƙuda ne mai cizo, wanda girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Ya fi yawa a arewa, cikin duwatsun Sikotlan, inda wata hanyar ruwa mai mil 60 ta ratsa ƙasar daga teku zuwa teku, wadda aka buɗe a 1822. Ba ya zuwa shi kaɗai. Dubbai su ke taruwa kamar hayaƙi, da sassafe da kuma yamma lis. Amma yana da rauni ɗaya, in iska ta wuce gudun mil 7 a awa ba ya iya tashi. Akwai wani mai kama da sauro wanda ya ke fitowa daga laka, ya taru a kan fitila. Shi ba ya cizo ko kaɗan, iyakarsa ya faɗa wa mutum cikin shayi.

Na huɗu ƙudan gida. Ba ya cizo, amma ya fi sauran ƙazanta, gama daga kashin shanu ko makewayi ya ke tasowa ya sauka a kan abinci, ya kawo zawo da ciwon ciki. Macen ta kan zuba ƙwai wajen 100 a zama ɗaya, a kan ruɓaɓɓen abu, cikin kwana 10 kuwa sun zama ƙudaje.

Na biyar rina mai zanen baƙi da rawaya. Da farkon zafi ba ta kula mutum, tana can tana kamun ƙwari tana kai wa 'ya'yanta, su kuma suna ba ta wani ruwa mai zaƙi daga bakinsu. Amma wajen Agusta da Satumba 'ya'yan sun ƙare, zaƙin ya yanke mata, sai ta bazama neman sukari wurin mutane. A lokacin ne a ke yawan shan harbi.

Wauta ta farko

Ran da muka tashi, ni da abokina Bature wanda ya yi hayar jirgin, mun yini muna tafiya cikin rana. Da yamma na hango wani wuri mai inuwa, itatuwa sun yi masa rumfa, ciyawa ta yi tsawo a bakin ruwa, ga shanu suna kiwo a hayi. Iska ko ta motsa ganye babu. Na ce wa abokina nan ya kamata mu kwana. Muka ɗaure jirgi, muka buɗe tagogi duka, muka kunna fitila, muka ci abinci, muka bar kwanuka ba wanki.

Kafin mu gama ɗaure igiya ma bobuwa ta riga ta tsaga mini ƙwauri. Da dare ya yi fitila ta tara mana baƙi, sauro kuma ya bi numfashinmu har gado. Ban rintsa ba. Wanshekare idona ɗaya ya kumbura, ƙudaje sun rufe kwanukan jiya. Wurin da idona ya ga ya fi ko ina kyau, ashe shi ne zauren taron ƙwari.

Daga nan na koyi darasi na farko, watau rabin yaƙin nan wurin zaɓen masauki a ke cinsa. Mai jirgi da ya san aiki ya kan nemi fili inda iska ke kaɗawa, nesa da shanu, da fadama, da kwata, da wurin zuba shara. Ya gwammace ya sha rana kaɗan da yamma, ya yi barci da dare. Sauro da ɗan mitsitsin ƙudan nan duka raunana ne wajen tashi, iska kaɗan ta ishe su.

Duba jirginka tukuna

Wani abin mamaki shi ne, yawancin sauron ba daga babban ruwan ya ke fitowa ba. A can akwai kifi, kifi kuwa yana cinye tsutsar sauro, jirage masu wucewa kuma suna kaɗa ruwan. Inda sauro ya fi so shi ne ɗan ruwan da ba kifi, ba motsi. Bokitin da aka manta a kan rufin jirgi, da tsohuwar tayar da aka rataya a gefe don kada jirgi ya gogi gaɓa, da lungun tamfol inda ruwan sama ya taru, da faranti a ƙarƙashin tukunyar fure, da ruwan da ya kwanta a gindin jirgi, waɗannan su ne gidajensa. Sau da yawa mai jirgi yana zagin kogi, alhali shi ya ke kiwon sauron da ke cizonsa.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Sau ɗaya a mako a bi jirgi daga goshi zuwa wutsiya, a zubar da ko wane ruwa, a kife bokiti, a huda taya ta ƙasa don ruwa ya zurare. Tun da tsutsa tana bukatar mako guda ko fiye kafin ta yi fiffike, wanda ya riƙe wannan al'ada ya yanke mata hanya.

Kada ku raina wannan dabara don sauƙinta, gama da ita aka ci manyan yaƙoƙi. A 1897, a ƙasar Indiya, wani likita mai suna Ronald Ross ya tsaga cikin sauro ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ciki. Kafin nan mutane suna tsammani mugun tururin fadama ke kawo ciwon. A 1902 aka kira shi garin Isma'iliyya, a bakin mashigin Suwes na Masar, inda zazzaɓi ya addabi ma'aikata. Aka bi shawararsa, aka cike kududdufai, aka zuba mai a kan ruwan da ba ya cikuwa, zazzaɓi ya ja da baya ƙwarai. A Panama kuma, Faransawa sun yi ƙoƙarin haƙa mashigi daga 1881 zuwa 1889, mutum wajen 22,000 suka mutu, yawancinsu da zazzaɓi da ciwon shawara, aikin ya tsaya. Da Amurkawa suka karɓa a 1904, likitansu William Gorgas ya sa aka yaƙi sauro gida gida, aka sa raga a tagogi, aka rufe randunan ruwa. Aka buɗe mashigin a 1914. Ingila ita kanta dā tana da zazzaɓin nan cikin fadamunta na gabas, sai da aka janye ruwan fadamun, gidaje suka gyaru, sa'an nan ya ɓace. Yanzu sauron Ingila ba ya ba da shi.

Tsaron ƙofa da taga

In an gama da ruwa sai a koma kan hanyar shiga, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko wace taga a sa mata raga, ƙofa kuma a rataya mata labulen raga mai nauyi a ƙasa. A duba ta ko wane mako, don huda ɗaya da ɗan yatsa zai shiga ta ɓata aikin duka. Mai zuwa Sikotlan sai ya nemi raga mai ƙananan idanu, gama ɗan mitsitsin ƙudan can yana ratsa gidan sauro irin namu kamar ba a sa kome ba.

A saki raga tun rana ba ta faɗi ba, sa'an nan a kunna fitila. Farar fitila mai ƙarfi ta fi tara ƙwari, mai haske rawaya ba ta tara su sosai. Wanda ya ke da 'yar fanka ya kunna ta wajen gado, za ta rage zafi, ta kuma hana sauro sauka.

Abinci kuma a rufe shi. A wanke kwanuka nan take, a ɗaure bakin jakar shara, a kai ta wurin zubarwa da zarar an iso, a tsabtace makewayi. Ƙuda wajen kwaɗayi a kan mutu, in bai sami abin kwaɗayi ba kuwa ba zai zauna ba. Rina ma haka. Kada a bar gwangwanin lemo a buɗe a waje sa'an nan a kai baki ba a duba ba, gama ta kan shige ciki, harbi a maƙogwaro kuwa yana iya toshe numfashi. In ta zo tana kewaya ka, tsaya cik, kada ka kai mata mari. In ka ga suna shiga suna fita daga wani rami a gaɓa, kwance igiya ka matsa gaba.

Tsaron jiki

Da yamma a sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da safa, masu launi fari ko mai haske, kada su matse jiki. Inda tufa ba ta rufe ba a shafa maganin korar sauro. Wanda aka fi sani shi ne DEET, wanda aka yi wa sojan Amurka a 1946, aka sake shi ga jama'a a 1957. A karanta takardar da ke jikin kwalbar, kun ga amfanin karatu ke nan. Kada ya taɓa ido ko baki ko miki, kada a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Yana kuma cin roba, sai a nisanta shi da tabarau da agogo.

In an riga an sha cizo, a wanke wurin da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a daure kada a sosa, gama farce shi ke mai da cizo gyambo. In ƙudan zuma ne, ya kan bar ƙarinsa a fata, sai a kankare shi da gefen farce. In wurin ya yi ta ƙara ja da zafi kwana da kwanaki, ko ya fara ruwa, a ga likita. Amma in mutum ya sha harbi, leɓɓansa ko harshensa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, ko jiri ya ɗebe shi, wannan ba abin jira ba ne. A Ingila 999 a ke bugawa. Gadojin da ke kan hanyoyin ruwan galibi suna da lamba a jikinsu, mai hankali ya kan riƙe lambar gadar da ya wuce, don ya iya faɗa wa masu motar asibiti inda ya ke.

Wauta ta biyu

Yanzu ku kasa kunne da kyau, gama wannan ya fi duk abin da na faɗa nauyi. A jikin ƙofar jirgi da kan rufinsa akwai waɗansu ƙananan kafofi da ba a rufewa. Dare na biyu, ina cike da haushin jiya, na ga sauro yana iya biyowa ta nan. Na ɗauki tsummoki na toshe su duka, na rufe tagogi, na kunna maganin sauro mai hayaƙi, ga tukunyar shayi a kan murhun gas. Na zauna ina jin daɗin dabarata.

Wani dattijo mai jirgin da ke kusa da namu ya zo aron ashana. Da ya ga tsumma a kafar ƙofa, bai ko gaishe mu ba, ya fizge shi, ya bankaɗe ƙofa, ya ce mu fito waje. Sa'an nan ya bayyana mini. Duk abin da ke ci da wuta, murhu ne, ko gawayi, ko injin lantarki, in bai sami isasshiyar iska ba ya kan fid da wata guba da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ta kan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ce gajiya ce, ya kwanta, shi ke nan ba ya tashi. Kafofin nan da na toshe, don ita aka yi su. Na tuna lalle kaina ya fara sarawa, jikina ya yi sanyi.

Mutane sun mutu ta wannan hanya cikin jirage, shi ya sa tun watan Afrilu 2019 aka wajabta wa jiragen nan masu ɗaki su ajiye na'urar da ke yin ƙara in gubar ta taru. Kafar iska, raga a ke sa mata, ita ma a riƙa share ta don kada ƙura ta toshe idanunta. Maganin hayaƙi a waje a ke kunna shi, nesa da tufa da tulun gas. Maganin feshi kuma yana kama wuta, kada a fesa shi murhu na ci. In an fesa a rufe abinci, a fita, a dawo bayan iska ta shiga. Kada kuma a zuba ragowarsa a ruwa, gama yana kashe kifi, kifin nan kuwa shi ke cinye mana tsutsar sauro. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Da muka bi maganar dattijon nan, sauran kwanakinmu lafiya lau. Da magariba na kan zauna a wutsiyar jirgi, ina kallon tsattsewa tana shawagi bisa ruwa tana kamun ƙwari, in duhu ya yi jemagu su karɓe ta.

Abin da ya shafe mu

Wataƙila wani zai ce, ina ruwana da jirgin Turawa? To, ku duba. Su can, cizon sauro ƙaiƙayi ne da rashin barci, duk da haka ba su yi sakaci ba. Mu kuwa sauronmu yana ɗauke da zazzaɓi mai kashe yara da masu ciki. Masunta da masu fito a Kwara da Binuwai da tafkin Cadi suna kwana a bakin ruwa kamar masu jiragen can, a waɗansu wurare ma ga tsando a kurmin gaɓa. Tsohuwar taya, da fasasshiyar tukunya, da kwatar bayan gida, duk muna da su. Masu toshe ɗaki su kwana da kaskon gawayi lokacin hunturu, ko su kunna injin lantarki a cikin gida, gubar nan da ta kusa kama ni ita ke jiransu.

Sabo da haka in kun koma gida, ko wannenku ya zaga gidansa ya kife abin da ya tara ruwa, ya ɗinke hudar gidan sauronsa, ya tabbata yara a ciki su ke kwana, ya bar wa ɗakinsa kafar iska. Wanda ya karanta wannan kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.